Mabuɗi Ba Ƙugiya

Ƙarfe goma na dare a Zango.
Na sauke ƙyauren shago rabi,
fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Hotuna dubu goma sha ɗaya da 'yan kai,
aikin Baba na shekara talatin,
na gama kwashe su daga kwali zuwa cikin ordinatar:
dukawan Birni da jakunkunan fatarsu,
'yan ƙwallon Garin Malam, gwiwa duk jar ƙasa,
wata mata da keken ɗinkinta sabo ful
wadda ta ƙi a ɗauke ta sai da shi.

Tanimun ya ce daga Yamai:
"Cima, ga inji na ajiye.
Ki daidaita su,
abin da ke wurinki ya zamo yana wurina."

Baƙin allo ne, ba hoto, ba maɓallin dannawa,
sai ɗan farin digo yana gyaɗa kai
kamar ƙadangare bisa dutsen Birni.
Wannan ma'aikaci ba ya tambaya.
Kafin ya ɗaga ƙafa
sai ya tarar an raɗa wa komai suna
an bar masa a cikin iskar ɗaki.

Na rubuta MAFARI, alamar daidai, sannan hanya.
Tazara ko ta silin gashi ba ya yafewa.
Na rubuta MASAUKI.
Da na zo kan mabuɗi ya tofar da shi,
wai bai san ɗ mai ƙugiya ba.
To, na cire mata ƙugiyar.
MABUDI, kamar bakin Bature.
Baƙo ne, na yi masa uzuri.

Na ce tafi. Ya ce ina?
Na kira Tanimun, sauran kuɗin waya ɗari biyu.
"Raɗa kika yi," in ji shi, yana tauna wani abu.
"Sa kalmar shela a gaban kowane suna.
Abin da uwa ba ta furta ba,
ɗan da ta aika ba ya gadonsa."
Layin ya yanke.

Na juya hoto guda a kan tebur.
Bayansa fari tas.
Baba ya san sunan kowa,
ya san wa ya biya, wa ya ce sai kaka,
bai taɓa rubutawa ba.

Sai aka ɗauke wuta.
Da ta dawo, allon bai san ni ba,
sunaye uku sun bi duhu.
Wannan karon na dasa su
cikin ɗan fayil ɗin da ke farkawa tare da inji.

Akwai gwajin da ba ya taɓa komai,
faɗi kawai yake: ga abin da zan yi.
Saura kaɗan in tsallake shi, barci ya ci idona.
Za a share.
Za a share.
Za a share.
Layi na bin layi har ƙasan allo.
Ashe na juya sunayen,
na mai da ɗakin Tanimun mafari,
ɗakin da ko gizo-gizo babu,
shi kuwa ma'aikaci, mai biyayya,
zai mai da nawa daidai da shi.

Na daɗe zaune, tafin hannuna sanyi ƙalau.

Ƙarfe uku famfon unguwa ya yi tari,
na ji jarkoki suna karo a lungu.
Na gyara. Na sake gwadawa. Na sake shi.
Hotuna suka fara ɗiga ɗaya-ɗaya
kamar ruwan da ake jira a waje.

Mai keken ɗinki ta wuce wajen asuba,
lamba 04417,
kilomita ɗari tara ba ko suna.
Gobe zan wanke hotonta babba
in kai wa tsofaffin telolin Kasuwar Dole.
Ko keken wani zai gane.