Gwangwanaye a Bayan Gida

Tun da na ajiye sitiyarin motar asibiti
na dawo Dass, gindin Mbula,
sai na zama mai renon abin da ba ya kuka.
Gwangwanin tumatir, ledar fiya wata,
tsohon bokitin da gindinsa ya ɓule,
kowanne da ƙasar bakin rafi
da ɗan barbaɗen kashin awaki.

Hansatu ta ce tsufa ya maishe ni wasan ƙasa.
Ban musa ba.

Zulai ce ta jawo.
Ta zo hutu daga Bauchi, ta ji ina zancen da,
ta ce, Kaka, mece ce ɗinya?
Ni da ɗinya ta rina wa harshe tun ban san sallah ba!
Na ja hannunta mu je in nuna mata,
muka wuce gonar Buba, muka wuce rafi,
muka tarar da kututture
da toka.

Yanzu na san halin kowa.
Tsamiya sai ta kwana a ruwan ɗumi take sakin jiki.
Taura, sunanta halinta,
sai na kankare mata baki da abin yankan farce.
Aduwa a garke nake tsinto ta,
wadda akuya ta tuƙa ta tofar.
Kaɗanya ba ta jiran gobe:
ka tsinci ƙwara yau, ka binne yau,
in ta sha rana, ta mutu da maganarta a ciki.
Giginya kuwa, wata nawa ba ta ce mini uffan ba,
har na yi fushi na daina leƙa ta,
ashe can ƙasa take aikinta,
tana tura muruci.

Ina da littafi mai bangon shuɗi.
Ranar shuka, ranar tsiro,
abin da Inna take yi da saiwa ko ɓawo,
sabara ga mai jego, maɗaci in ciki ya murɗa,
da sunan kowacce da Jaranci
in na dace da tsohuwar da ba ta manta ba.
Wasu layukan har yau babu kowa a kansu.

Akwai shafin asara.
Kanya goma sha bakwai, akuyar Iya Dudu, dare ɗaya.
Hano uku, gara.
Ɗorawa shida, ni da kaina,
na cika musu ruwa don so.

Da daddare ina jin motocin gawayi
suna nishi a kan hanya.
Na san nauyin mota daga kukanta,
sana'ata ce.

Ran nan Tanimu ya yi sallama,
shi da duk unguwa ke sayen buhunsa,
har mu.
Ya kwance bakin riga, ya zube ƙwayoyin ƙirya a tabarma.
Ya ce, ita ce ta ƙarshe a kwarinmu,
shekaranjiya na kayar da ita.
Kuɗin makarantar yara.

Wa'azi ya zo mini har maƙogwaro,
sai na tuna da me aka dafa tuwon jiya.
Na miƙa masa kujera.
Na ce wa Hansatu ta ɗora ruwa.

Cikin talatin, tara suka fito.
Duk Juma'a in an sauko masallaci
yakan jingine keke, ya tsuguna a gabansu.
Ba ya taɓawa.
Wai hannunsa da baƙi.
Ya ce yaushe za su kai tsawon mutum?
Na ce ƙirya ba ta sauri, Tanimu,
ka tambayi ɗanka in ya yi furfura.

Yau da asuba zan fita da butar ban ruwa
na yi tuntuɓe da wani abu a bakin ƙofa:
gwangwanin madara huɗu, an wanke,
an huda gindinsu da ƙusa.
Hansatu tana can tana hura wuta,
ko waiwayowa ba ta yi ba.