Abin da Taru Ya Kamo

Da asuba a gaɓar Yawuri
na ja taru, na ji nauyi,
na ce yau giwan ruwa ne.
Ashe ledoji ne jingim,
da robar lemo, da silifa ƙafa ɗaya,
sai kurungu guda, cikinsa sama.

Kakana Nomau ya ce nan ayu ke kiwo,
yakan ji numfashinsa cikin dare.
Ni warin gamalin na gada.

Jiya Kulu ta feɗe karfasa,
ta zaro zaren buhu daga hanjinta,
ta dube ni, ta yi shiru.

Kogin Kwara, an ce teku za ka.
In ta tambayi wa ya aiko wannan kaya,
kada ka ɓoye sunanmu.