Wuƙaƙe Uku a Gaban Mai Washi

Tsahara, ɗiyar ƙanena, ta dawo daga karatun ƙarfe
da wuƙaƙe uku naɗe cikin tsohon kallabi.
Ta shimfiɗa su gabana, ƙofar babbar kasuwar Maraɗi,
inda na shekara talatin da ɗaya
ina yayyafa wa dutse ruwa, ina mayar wa wuƙa bakinta.

Ta ce, Baba Nomau, waɗannan ba su san zugazugi ba.
Narka ƙarfen ake yi, a fesa shi da iska,
ya zubo gari, laushinsa ya fi na tankaɗe,
a ɗura a tukunya, a liƙe, a matse shi da zafi
har ya manta ya taɓa warwatsuwa.
Na ce, ashe fura ce.
Ta yi dariya. Fura ce, Baba, marar tsaki,
ko'ina ka gutsura ɗanɗanon ɗaya ne.

Ni ba ni da ma'auni sai Labo mahauci.
Muka kai masa.

Ta farko ta feɗe jar akuya arba'in
ba ta nemi dutse ba.
Ran Juma'a Labo ya aske gashin hannunsa da ita,
ya dube ni kamar mai zuwa ta'aziyya.
Amma ranar da ta dakushe
na zauna da ita tun hantsi har la'asar,
ta cinye dutsen da na gada, ta yi masa kwari a tsakiya,
ita ko gezau.
Tsahara ta ce sai dutse mai ƙurar lu'ulu'u.
Na ce na sani, mai tsada ba ya jin maganar talaka.

Ta biyu mun kwantar da ita cikin gishiri da tsamiya
kwana biyu, ruwan Agusta na dukan kwanon rumfa.
Ta tashi fes, har na ga furfurata a jikinta.
Sai Labo ya shagala da ciniki, ya sari ƙashin cinya.
Ƙas!
Giɓi, kamar bakin yaro mai famfara.

Ta uku ba ta da wannan girman kai.
Ta shiga ƙashi, ta shiga ƙaho,
ta faɗi kan siminti ta tashi lafiya,
sai dai in ta kwana da jini
da safe tsatsa ta yi mata lalle.

Tsahara ta buɗe littafi, biro a hannu.
To wacce ta fi?

Na zaro tawa daga kube,
wadda Gonda ya ƙera mini
da sifirin motar da ta mutu a hanyar Ɗan Isa.
Kafin azahar take dakushewa,
washi ya rame ta kamar ganyen gero,
amma shafa uku a dutse ta farka.
Na ce, ɗiyata, ƙarfe ɗan bashi ne,
abin da ya ba kaifi, a wurin juriya ya ranto,
wanda ya ƙi tsatsa, wani wuri ya biya.
Tambayi hannun da zai riƙe, da abin da zai yanka.
Ta rufe littafin.
Ta ce shekara uku ana zana mata wannan a allo.

Abin da ban faɗa mata ba,
daren nan na yi lissafi a kan tabarma.
Akuya arba'in, washi ɗaya.
Mahauta nawa ne a Maraɗi?
In kowa ya riƙe irin ta farko,
wa zai tsaya a rumfata ya miƙo dala ashirin?

Da asuba na same ta tana ɗaure jaka,
motar Yamai na jira.
Na yi gyaran murya sau biyu.
Na ce, Tsahara, dutsen nan mai lu'ulu'u,
nawa ne kuɗinsa?