Kunne a Jikin Amya

Shekara shida ina kafa alluna a bakin tafkin Bohinj,
aikin da hukumar gari ke biyana ke nan.
"Kada a zubar da shara." "Mai laifi zai biya tara."
Ni ke shafa fenti, ni ke buga ƙusa,
ni kuma ke tsince gwangwanaye
a gindin allon da na kafa.

Tilen, ɗan maƙwabcina, shekararsa sha ɗaya.
Ya haddace darasin muhalli tsaf,
malama ta ba shi biyar cikin biyar.
A hanyar gida ya wurga robar lemo cikin ruwa
don ya ga yadda take iyo.

Tsoho Zdravko bai taɓa tsayawa ya karanta allona ba.
Ido ya yi rauni, in ji shi, kuma aiki na jira.
Amya goma sha huɗu gare shi bayan rumbun ciyawa,
kowace da launin ƙofarta.
In ya yi yanka a watan Yuni
sai ya bar ziri guda a gefen gangare,
mutane su ce tsufa ne, lauje ya fi ƙarfinsa.
Shi ko cewa yake: furen bai ƙare ba,
baƙi na cin abinci, wa ke ɗauke akushi?

Wata Asabar ya kama yaron yana jifan amya da tsakuwa.
Na ce yau kunne zai sha ja.
Kunnen ya kama kuwa,
sai dai manna shi ya yi a jikin katako,
ya ce, yi shiru.

Tilen ya tsaya, ya tsaya,
har inuwar dutse ta rufe makiyaya.
Daga baya ya ce min akwai ɗumi a ciki
kamar ƙirjin mutum,
kuma duk suna magana a lokaci guda.
Ɗaya ta harbe shi a wuya. Bai gaya wa uwarsa ba.

Da itatuwan tuffa suka yi fure
ubansa ya goya tankin feshi da tsakar rana.
Yaron ya tare ƙofar lambu:
"Bari furen ya zube tukuna, suna can a kai."
Aka yi cacar baki, aka buga ƙofa da ƙarfi.
An yi feshin dai,
bayan kwana tara, da almuru.

Ban ce ya zama waliyyi ba.
Har yau yana barin fitila a kunne,
yana daɗewa a wanka har uwarsa ta ƙwanƙwasa.
Amma jiya na hango shi cikin tafki,
ruwa iya gwiwa, wando a naɗe,
yana miƙa sanda wajen wata leda,
ba kowa a gaɓa da zai yaba masa.

Gobe zan sabunta allo na bakwai.
Na buɗe fenti, na jiƙa buroshi,
na zauna ina neman harafin
da yaro zai kara kunne a jikinsa
ya ji ɗumi.