Lamba Huɗu

Awa biyar na yi a mota zuwa Kajaani,
rana ta faɗi tun ƙarfe uku,
don in ga wani ɗan hokin ƙanƙara mai lamba tara
da ake ta kururutawa a waya.
Na gan shi. Yana da gudu, ya kuma san yana da gudu.
Layi biyu suka ishe shi a littafina.

Idona can baya ya maƙale,
inda 'yan kallo ba sa kallo:
Konsta Heikurinen, mai tsaron baya, lamba huɗu,
shekara goma sha bakwai, dogo kamar gora,
riga ta yi masa yawa a kafaɗa.

Yana sulɓi da baya da baya
kamar wanda ƙeyarsa ke da ido.
Kafin baƙin faifan ya iso sandarsa
ya waiwaya sau biyu,
ya ƙirga na gaba, ya ƙirga nasa,
ya riga ya san inda zai aika
abin da bai zo hannunsa ba tukuna.
Na shekara talatin ina neman kocin da ke koyar da wannan.
Ban same shi ba.

Ba ya rugawa ya tari mai zuwa.
Yakan shimfiɗa sanda a ƙanƙara,
ya rage masa hanya kaɗan-kaɗan
kamar mai kora kifi cikin koma,
har mutum ya tsinci kansa a jikin katako
bai san wanda ya kai shi ba.

Aibu kuwa akwai, na rubuta:
juyinsa na hagu yana da nauyi,
bugunsa daga shuɗin layi
ko gola mai gyangyaɗi zai cafe.
Wani ƙato ya haɗa shi da bango
sai da na ji haƙarƙarina ya amsa.
Yana bukatar kilo takwas da hunturu biyu.

A zango na uku ya yi ɓarna.
Ya miƙa faifai ta tsakiya, aka sace,
jar fitila ta kama a bayan ragarsu.
Wata mata kusa da ni ta rufe fuska da safar hannu.
Nan na ajiye alƙalami,
don nan aikina yake farawa.

Bai daki ƙasa da sanda ba.
Bai nemi wanda zai harara ba.
Ya je ya taɓa kwalkwalin golansa,
ya zauna a benci, ya kurɓi ruwa,
da aka sake tura shi
sai ya ƙwanƙwasa ƙanƙara, yana neman a ba shi.
Aka ba shi.
Ta tsakiyar nan dai ya sake aikawa,
faifai ya ratsa tsakanin takalma huɗu,
ya isa.

Takardar da kulob ya ba ni gida-gida ce:
gudu, ƙarfi, bugu, tsawo,
daga ɗaya zuwa goma.
Babu gidan da zan sa wannan.

Kuma ina tsoron hannuna.
Na taɓa ba wani yaro tara a komai,
yau gumagumai yake ja da babbar mota, gwiwa ta ci amanarsa.
Na taɓa rubuta wa wani "ba zai kai ba",
yanzu jikana da riga mai sunansa yake kwana.
An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta.
Ni na ga Laraba da yawa sun yi ƙarya.

A waje sanyi ya daskarar da gashin hancina.
Na hango shi wurin ajiye motoci,
jaka a ƙasa, kai jiƙe,
yana kankare gilashin motar matar nan mai safar hannu,
yana bin kusurwa-kusurwa, bai bar ko faɗin yatsa ba.

Na kunna fitila, na buɗe littafi kan sitiyari.
Na rubuta: a dawo a watan Maris.
Na yi jim. Na ƙara a ƙasa:
ni zan dawo, kada a turo wani.