Keji Goma Sha Ɗaya

Ni mai walda ne a Muciya, gab da layin dogo.
Ban san shari'a ba, ƙarfe na sani.
Ran wata Talata aka kira ni Dakace,
inda injin ɓarzar masara ya ci yatsu uku
na Lurwanu, yaron da ke shara a gindin bel.

Uku, daga hannun dama.
Da su yake ƙulle bakin buhu,
da gaɓoɓinsu yake tasbihi bayan la'asar.

Malama Jummai ta ofishin ƙwadago ta zo da takarda biyu.
Ta ce, wannan hanyar kotu ce, kun san tsawonta:
a ɗage yau, a ɗage gobe, lauya ya yi tafiya,
tara ta faɗa aljihun gwamnati,
bel kuwa na nan tsirara yana juyi.
Wannan kuma alkawari ne a rubuce, mai wa'adi, mai haƙora.
In an saɓa, ta farkon na kwance a jakata, ba barci take ba.

Alhaji Barau ya ture hula ya sosa ƙeya.
Ya ce ƙaddara ce.
Ta ce, ƙaddara ƙofa ta gani a buɗe.
Wa ya kwance murfin bel a daminar bara
don kada gyara ya ci minti goma?
Shiru. Sai tattabaru a kan rufin kwano.

Ya sa hannu, da yatsunsa biyar cif:
kuɗin asibitin Shika har a kwance bandeji,
albashi ba yanka, kujera ga Lurwanu a gaban sikeli,
da wanda zai koya masa riƙe biro da hagu.
Keji ga kowane bel, makashin inji inda hannu zai kai.
Sai na ƙarshe, wanda ya fi maɗaci a bakinsa:
ya tara masu injina tun daga Sabon Gari har Wusasa
ya tsaya ya faɗi yadda aka yi.

Kawun yaron bai yarda ba.
Ya ce, da talaka ne ya guntule wa Alhaji yatsa
da tuni yana Ƙofar Doka yana cin gabza.
Ban iya ba shi amsa ba. Har yau ban iya ba.
Na dai duƙa na auna.

Kwana tara ina yankan raga, ina haɗa kusurwa,
tartsatsi na faɗa wa garin masara yana mutuwa.
Ranar taro muryar Alhaji ta yi rawa.
Wasu sun ƙunshe dariya a hannun riga,
amma kafin Juma'a uku daga cikinsu sun zo shagona,
a ɗaiɗai, bayan magariba, suna tambayar kuɗin keji.

Na gama na goma sha ɗaya ina goge gumi,
Lurwanu ya taso daga sikeli.
Ya cusa ƙaramin yatsan da ya rage masa a ragar,
ya shige har gindi.
Ya ce, Malam, idon nan ya yi faɗi.
Akwai yara masu kawo wa iyayensu tuwo.

Na yanke. Na sake.

Ran arba'in Malama ta dawo, ta girgiza kowane keji
kamar mai taya akuya a kasuwar Tudun Wada.
Ta rubuta, ba ta yi murmushi ba.
Yatsu ba su tsiro ba, kawu bai huce ba.

Da na koma Muciya na tarar da Isuhu, yaron shagona,
yana walda ido tsirara, kamar yadda na koya masa.
Na kashe wutar.
Na tura shi ya sayo baƙin gilashi, guda biyu.