Tungar Barmu, Bakin Dogo

Kafin dogo, rijiya guda gare mu
da kukar da Barmu ya ɗaure jakinsa
ranar da ya gaji da tafiya ya ce: nan.
Gida bakwai. Zuwa Yamai rabin yini ne a ƙasa,
in ba ka tsaya dogon gaisuwa ba.

Sai masu awo suka zo da hulunan kwano
suka kafa turaku masu jan kai
a tsakar gonar Kimba.
Hatsinsa ya rabu, rabi kudu, rabi arewa.
Kuɗin diyya ya zama babur,
babur ya zama karaya,
yau ƙafar ce ke gaya masa hadari na tafe.

Tsakuwa ta zo mota-mota.
Ƙarafa biyu suka kwanta kanta
kamar ƴan'uwan da gado ya raba:
hanya ɗaya, ba gaisuwa.
Igge ta sai da tunkiyarta, ta sayi tukwane uku,
ta sa ɗan lakwal ya rubuta a bangon rumfa:
Abincin Matafiya.

Ni aka ba gadi. Riga, usur, jar tuta.

Sau ɗaya na gan shi.
Ranar Talata, da hantsi, yana jan ciki a hankali
har yara suka wuce shi da gudu.
Wani mai tabarau ya ɗago mana hannu ta taga.
Na ɗaga tuta, na busa usur. Bai tsaya ba.
Shinkafar Igge mu muka cinye, bashi.

Albashi ya zo wata goma sha ɗaya,
ya ɗauke ba sallama.

Yanzu mata na shanyar kuɓewa bisa dakalin jira,
awaki sun gaji inuwar ɗakin tikiti.
Tsakuwar ta bi dare, kwano-kwano,
ta shiga harsashin gidaje. Har nawa.
In zafi ya kai, ƙarfen kan yi miƙa, ya gantsare,
shi ma ya gaji da kwanciya.

Amma tambayi yaran mota a gari,
ba wanda ya san Tungar Barmu.
Ka ce Tasha, a sauke ka ƙofar Igge,
inda direbobin albasa ke layi da kwanoninsu.
Gida bakwai sun zama casa'in.

Jiya da almuru jikata Zaliha
ta kwantar da kunnenta a kan ƙarfe.
Kaka, ta ce, yana magana.
Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na saurara.
Bugu uku, shiru, bugu uku.
Yaran tungar gaba ne da dutse a hannu:
an sauka lafiya a gidan Mayaki.

Na lalubo dutse na amsa.
Tutar kuwa tana nan,
da ita nake toshe bakin randa.